Ruwan Da Aka Ce Yana Tafiya A Banza: Waiwaye Kan Tarihin Fadamar Haɗejiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Haɗejiya zuwa Nguru a ƙarshen damina, shekaru hamsin da suka wuce, zai ba da labarin ruwa ya malale dama da hagu iyakar ganin ido, ga shinkafa ta yi kore shar, ga masunta kwance a kan gora suna duba komarsu, ga dinya da kirinjijiya suna tashi garke-garke. Wanda ya bi wannan hanya a 'yan shekarun nan kuwa, abin da zai fi cika masa ido a wurare da dama shi ne wata doguwar ciyawa mai kai irin na gero, wadda ta fi mutum tsawo, ta cushe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Sunanta kacalla. Dattawan yankin sukan ce da ƙuruciyarsu ba su san ta da wannan yawa ba.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi tarihin wannan fadama, mu ga yadda magabatanmu suka ci moriyarta, da yadda aka sauya mata hali a cikin ƙarni na 20, da kuma abin da ya biyo baya. Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, arzikin fadamar Haɗejiya ya rataya ne a kan zuwan ruwa da janyewarsa, kowanne a kan lokacinsa. Ranar da aka taɓa wannan lokaci, ranar aka taɓa tukunyar mutanen da yawansu aka ƙiyasta ya kai miliyan ɗaya da rabi.

Daga Ina Ruwan Yake Zuwa?

Kogin Haɗejiya ba a ƙasar Haɗejiya ya samo asali ba. Kogin Kano, wanda ya ratso dajin Falgore daga kudu, da Kogin Challawa, wanda ya taso daga yamma, su ne suka haɗu a kudancin birnin Kano. Daga nan ruwan ya bi ta Wudil, ya shiga ƙasar Ringim, ya gangaro Auyo da Haɗejiya. A can sama ƙasar mai duwatsu ce da gangare, saboda haka kogin yakan tafi a guje cikin kwarinsa. Da ya wuce Wudil sai ya faɗo ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, wadda tsofaffin jigayi suka yi mata layi-layi. Daga wannan kalma ta jigawa ne ma jihar ta sami sunanta. A irin wannan ƙasa kogi ba ya iya tafiya a hanya ɗaya. Sai ya rarrabu: ga reshen Kafin Hausa, ga tsohon Kogin Haɗejiya, ga Burum Gana, ga kuma Marma wadda take ƙarewa a tafkin Nguru.

Ta kudu kuma akwai Kogin Jama'are, wanda ya sauko daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Bauci da Katagum. Kogunan biyu suna gamuwa kafin Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, wanda ya bi ta Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar wajen Diffa, har ya faɗa Tafkin Cadi.

Abin lura a nan shi ne, ruwan saman da ke sauka a Haɗejiya da Nguru bai cika wuce milimita 500 zuwa 700 a shekara ba, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake ƙarewa. A tsaunukan Jos kuwa yakan haura milimita 1,200. Ashe ke nan fadamar tana rayuwa ne da ruwan da ya sauka a gonakin wasu. Wannan shi ne sirrin albarkarta, kuma shi ne rauninta, domin duk wanda yake sama da kai a bakin kogi, shi ke riƙe da tulunka.

Mazauna Fadama A Zamanin Da

Wuri mai ruwa a bakin hamada ba ya rasa jama'a. Garun Gabas, wadda ake kira Biram a labarin Bayajida, tana cikin Hausa Bakwai, kuma tana nan arewa da Haɗejiya. Auyo tsohon gari ne mai nasa mutane, Auyokawa, waɗanda harshensu ya ɓace cikin Hausa. Ita kanta Haɗejiya, labarin baka ya ce wani maharbi ne mai suna Haɗe da matarsa Jiya suka kafa ta. Kafin jihadi, ƙananan sarautun wannan yanki suna bin Barno ne ta hannun Galadima, wanda ke zaune a Nguru. Ta gabas kuma ga Badawa, mutanen da suka shahara da su da noman fadama.

Bayan jihadi, wajen 1808, Sambo ya kafa mulkin Fulani a Haɗejiya. Ɗansa Buhari, wanda ya hau sarauta a 1848, ya yi wa Sakkwato tawaye ya addabi maƙwabta, har ajalinsa ya riske shi a 1863 a yaƙin Gogaram, birnin Badawa da ke tsakiyar wannan fadama. Ba tarihin sarauta muka sa gaba ba, amma ya kamata mu lura da cewa dawaki da mayaƙan da suka sa ake shakkar Haɗejiya, ciyawar fadama da hatsinta ne suka ciyar da su. Haka kuma fataken da ke bin hanya tsakanin Kano da Barno, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a nan suke samun ruwa da guzuri.

Hausawa da Barebari da Badawa da Mangawa da Fulani duk sun zauna a wannan wuri, kowa da sana'ar da ya fi ƙwarewa a kai. Tambayar ita ce, yaya aka yi wuri ɗaya ya ɗauke su duka?

Rabon Lokaci

Amsar tana cikin yadda shekara take juyawa a fadama. Da faɗuwar ruwan farko manomi zai shuka gero da dawa a tudu, ya yafa shinkafa a kwari. Zuwa watan Yuli kogi ya fara kawowa, a Agusta da Satumba ya cika ya tumbatsa, ya bazu a kan dubban kadada. Shinkafar gargajiya takan yi ta tsawo tana bin ruwan. Kifi kuma yakan bar kwarin kogi ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yansa su yi ƙiba a wurin da babu mai iya kai musu taru.

Da kaka ruwa zai soma janyewa. Wannan lokacin masunta ne, domin kifin da ya bazu dole ya nemi hanyar komawa kogi, a nan ake tare shi da gura da koma da birgi. Tarwaɗa da karfasa da bargi da kurungu da kawara, wani a ci ɗanye, wani mata su banda shi a kai kasuwa. Manomi kuma yana bin sawun ruwan, duk inda ya janye ya bar laima sai ya shuka wake ko rogo ko dankali, ba tare da ban ruwa ba, ba tare da taki ba, domin ruwan ya riga ya bar masa sabuwar laka. Masu lambu a bakin gaɓa su kafa jigo, su yi albasa da alkama da tattasai.

Da rani ya tsananta, Fulani za su gangaro daga arewa da shanunsu, ta burtalin da kowa ya sani. Shanu su ci harawa da ɗanyar ciyawar da ruwa ya bari, su bar wa mai gona taki. Manyan tafkuna kuwa ba a taɓa su sai ranar da sarkin ruwa ko bulama ya sa, ranar gari duka zai fito a yi su na gayya. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram daga irin wannan al'ada ya samo tushe. A ƙarshe wuri ya bushe ƙayau, ƙasa ta tsattsage, iska da rana da wuta su kashe duk ciyawar ruwan da ta nemi yin kane-kane. Sai kuma wata damina.

Mai karatu zai ga cewa fili ɗaya ya yi wa mutum uku aiki a shekara ɗaya, masunci da manomi da makiyayi, kowa da watanninsa. Ruwan ne ke raba musu, shi ke kiran wannan ya sallami wancan. Bugu da ƙari, a watannin da ruwan ya yi kwance a kan rairayi, wani kasonsa yana tsuma cikin ƙasa, shi ne yake cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi, shi ne kuma yake raya goruba da gabaruwa da kanya da giginya. Da kabar goruba mata ke saƙa tabarma da faifai da igiya. A shekarar yunwa kuwa, bado da ƙwallon goruba da gaiwar da ake tonowa daga busasshiyar laka sun ceci rayuka da yawa.

Ba muna cewa zamanin da aljanna ba ne. An yi yunwa, an yi hare-hare, an yi rigimar gona da ta mashaya. Abin da muke cewa shi ne tsarin ya daɗe yana aiki saboda an gina shi a kan halin kogin.

Zuwan Turawa

A watan Afrilu na 1906 sojojin Ingila suka ci Haɗejiya da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. Mulkin mallaka bai taɓa kogin kansa ba, amma ya sauya abin da ake nema daga ƙasa. Haraji da jangali sun koma na kuɗi, dole talaka ya noma abin sayarwa. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Nguru a 1930, ta bi ta Malam Madori da Birniwa, sai gyaɗa ta mamaye tudu, aka sassabe dazuzzuka domin faɗaɗa gonaki. Bandar kifi da fatu da shanu su ma suka sami hanyar zuwa kasuwanni masu nisa. Tun daga lokacin abin da ake ɗiba daga fadama ya daina tsayawa a kan bukatar mazaunanta. Duk da haka ruwa ya ci gaba da zuwa yana komawa yadda ya saba. Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin 1964 da 1971 malalar takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000.

Fari Da Madatsun Ruwa

A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, Haɗejiya tana cikinta, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo gwamna. Mutum ne mai son noma, kuma ya ga yadda ruwa ke wucewa ta gefen Kano cikin wata uku, sa'annan a shafe wata tara ana nema. Ya fara da madatsar Bagauda, sa'annan ya ɗauko babban aiki, wato madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974. An tsara ta ta riƙe ruwa kusan kyubik mita biliyan biyu. Ana cikin ginin ne babban farin 1972 zuwa 1974 ya faɗo wa ƙasashen bakin hamada, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ƙaura. Wannan ya ƙara wa masu ra'ayin tare ruwa hujja, ga kuma kuɗin man fetur sun fara shigowa. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, ciki har da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda daga baya ta karɓi ragamar Tiga.

Adalci ne mu faɗi alherin wannan aiki. Da ruwan Tiga aka buɗe gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda tumatir da shinkafa da alkama suka arzuta dubban iyalai. Birnin Kano ma, wanda jama'arsa ke ƙaruwa kullum, da wannan ruwa yake sha. Wanda ya ce Audu Baƙo bai yi aiki ba, bai faɗi gaskiya ba.

Kuskuren yana cikin lissafi. A idon masu tsara aikin da 'yan kwangilar da suka ba su shawara, ruwan da ya wuce Wudil ya bazu a fadama, rana ta shanye wani, ƙasa ta shanye wani, ruwa ne da ya tafi a banza. Shinkafar Guri da kifin Marma da shanun da ke cin rani a Kirikasamma ba su shiga takardunsu ba, domin ba a auna su a ofis, ba a kuma biyan kuɗin ruwa a kansu. Da Tiga ta fara tare ruwan damina, sai kuma aka shiga shekarun ƙarancin ruwan sama, abu biyu suka haɗu. A 1983 malalar ba ta kai murabba'in kilomita 900 ba, a farin 1984 kuwa ba ta kai 300 ba. Gonakin shinkafa suka bushe, rijiyoyi suka yi zurfi, itatuwa suka mutu a tsaye, masunta da yawa suka tattara komatsansu suka nufi Tafkin Cadi, wanda shi ma a lokacin yake ja da baya.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A 1992 aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, mai riƙe fiye da kyubik mita miliyan 900. Ita da Tiga suna iko da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗejiya. Aka kuma gina wata ƙaramar madatsa a ƙasar Auyo domin aikin noman rani na Kwarin Haɗejiya. Shekara ɗaya kafin wannan, a watan Agusta na 1991, an yanke Jihar Jigawa daga Kano. Ma'anar wannan ita ce, makullin ruwan yana wata jiha, masu jiran ruwan suna wasu jihohi.

Alkama Da Injin Ban Ruwa

Ba daga sama kawai canji ya zo ba. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, farashinta ya tashi. A daidai lokacin hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano tana sayar da ƙananan injinan ban ruwa da rahusa. Jigo ya ba inji wuri. Abin da mutum yake shayarwa a mako da guga, yanzu yana gamawa kafin azahar. Attajirai da manyan ma'aikata daga birane suka shigo neman fili, aka sassabe kurmi, aka nome gaɓar kogi har bakin ruwa. Shirin Fadama na ƙasa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, ya ƙara yawan injina da rijiyoyin burtsatse.

Manoma da yawa sun sami kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. Amma watannin rani, waɗanda a da na makiyayi ne, yanzu sun zama na mai lambu. Bafulatani ya gangaro da shanunsa kamar yadda ubansa ya saba, ya tarar burtali ya zama gonar alkama, mashaya ta zama lambun tattasai. Daga nan rigingimun manoma da makiyaya suka yi ƙamari a ƙasashen Guri da Kirikasamma da maƙwabtansu, har da asarar rayuka. Sau da yawa mukan ɗora laifin a kan halin wannan ƙabila ko waccan, mu manta cewa mai raba musu lokaci ne aka kawar.

Lissafin Da Aka Yi A Makare

Wani abin mamaki shi ne tsuntsaye ne suka fara jawo hankalin duniya ga wannan fadama. Dubban agwagin ruwa da wasu tsuntsaye sukan baro Turai idan sanyi ya kama, su ƙetare hamada, su yi hunturu a nan. Saboda su ne ƙungiyoyin kare halittu na waje da na gida suka kafa Shirin Kiyaye Fadamar Haɗejiya da Nguru a 1987, kuma a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci mafakar tsuntsaye ta Dagona. Da ma'aikatan shirin suka zauna da mutanen ƙauyuka, sai suka gane cewa ruwan da tsuntsu yake bukata shi ne wanda masunci da manomi suke kuka a kansa.

A farkon shekarun 1990 wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka yi lissafin da ya kamata a ce an yi tun kafin a aza tubalin Tiga. Sun auna amfanin da ake samu daga noma da su da itacen wuta a fadama, suka gwada shi da na aikin noman rani na Kogin Kano. Sakamakon ya nuna cewa kowane kyubik mita 1,000 na ruwa yana samar da amfanin kimanin dala 10 zuwa 14 a fadama, alhali a gonakin aikin gwamnati bai wuce santi 4 ba, idan aka cire abin da aka kashe. Kuma ba su sa kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin ba. Ruwan da aka ce yana tafiya a banza, ashe shi ne ya fi kowane ruwa aiki.

Irin wannan bincike ya ƙarfafa masu adawa da madatsar Kafin Zaki, wadda aka shirya ginawa a kan Kogin Jama'are a Jihar Bauci. An fara aikin a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar, aka sake tayar da maganar fiye da sau ɗaya, jihohin Yobe da Barno suna nuna rashin yarda. Kogin Jama'are, wanda ba a tare shi da babbar madatsa ba, shi ne yake riƙe da Gashuwa da Gaidam.

Kacalla Da Ambaliya

Da mutum zai yi tsammani ƙarshen labarin shi ne bushewa. Abin da ya faru ya fi haka rikitarwa. Domin a kai ruwa gonakin rani da famfunan birni, madatsun suna sakin ruwa duk tsawon shekara. Kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani, sai ya koma mai ɗan ruwa kullum, ba ya cika sosai, ba ya bushewa. Babu abin da kacalla take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Babbar malalar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, bushewar da ke kashe saiwarta ta ƙare, ga takin zamani yana gangarowa daga gonakin sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga tsakiyar shekarun 1990 ciyawar ta yaɗu. Inda ta tsaya, ruwa yakan rage gudu, yashi da laka su kwanta, hanya ta toshe. Tsohon Kogin Haɗejiya da Burum Gana suka shaƙe, mafi yawan ruwan ya karkata Marma da tafkin Nguru. Sakamakon haka, wasu garuruwa ruwa ya zauna a gonakinsu shekara da shekaru ba ya tashi, wasu kuma da ke ƙasa da su suna kallon busasshen kwari. Ruwan Haɗejiya da ke isa Gashuwa ya zama ɗan kaɗan. Masunci ba ya iya jefa birgi a cikin kacalla, kwalekwale ba ya ratsa ta. Ta zama gidan sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, ta kuma zama masaukin tsuntsayen jan-baki, waɗanda ke iya cinye gonar shinkafa cikin yini guda.

Idan kuma aka sami damina mai ƙarfi, madatsun suka cika, dole a saki ruwa. Ya taho ya tarar hanyarsa a toshe, sai ya faɗa gari. An ga haka a 2001, an sake gani a 2012 da 2018 da 2020 da 2022, inda garuruwa da dama a ƙasashen Ringim da Auyo da Haɗejiya da Guri suka rasa gidaje da amfanin gona, matasan Haɗejiya suka kwana suna jera buhunan ƙasa domin kare garinsu. Malalar da kakanninmu ke jira da murna ta zama ambaliyar da muke gudu. Sauyin yanayi, wanda ya sa ruwan sama ke zuwa da ƙarfi a ɗan lokaci, ya ƙara wa abin tsanani.

Ba mu kaɗai wannan ta sama ba. A Kogin Sanagal, bayan an gama madatsar Diama a 1986, irin wannan ciyawa ta mamaye gaɓoɓi. A Bakolori ta ƙasar Sakkwato, manoman da ke ƙasa da madatsa sun rasa noman fadamarsu, waɗanda aka ƙwace wa gonaki kuma suka yi bore a 1980 aka kashe da dama daga cikinsu.

Namu Laifin

Ba daidai ba ne mu tattara laifi duka mu jibga wa madatsa. Mu ne muke sare itatuwan dajin Baturiya muna loda wa manyan motoci zuwa birane. Mu ne muke su da raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, muna kwashe kifin da bai kai ya yi ƙwai ba. Wasunmu sukan gitta dumba su tare hanyar ruwa gaba ɗaya, wasu ma guba suke zubawa. Manomi yakan fasa gaɓa ya ja ruwa gonarsa, bai damu da cewa ɗan ramin da ya haƙa zai iya zama sabon kogi a damina mai zuwa ba. Muna gina gidaje a kan hanyar ruwa, sa'annan mu ce ruwa ya ci mu. Dokokin sarkin ruwa sun yi rauni, na hukuma kuma ba su cika wuce takarda ba. Jama'a ta ninka, fadama ba ta ƙaru ba.

Yunƙurin Gyara

An yi ƙoƙari, kuma ya kamata a ambata. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko da ya sami wannan matsayi a Nijeriya. Baturiya ta bi baya a 2008. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, wato Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Barno, suka yi taro a Damaturu suka amince da kafa asusu na musamman domin kula da kogin baki ɗaya. A 2020 hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗejiya da Nguru da Bade a matsayin wurin da ya cancanci kiyayewa ta musamman. Mutanen ƙauyuka sun sha yin gayya, su shiga ruwa har wuya da lauje da adda suna yankan kacalla, gwamnatin Jigawa kuma ta sayo injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa. An kuma gwada sarrafa ciyawar ta zama abincin dabbobi da iskar girki.

Duk waɗannan suna da amfani, sai dai yankan kacalla ba tare da gyara yadda ake sakin ruwa ba kamar aski ne, gashi zai sake tsirowa. Tun shekarun 1990 masana suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa a lokacin damina, yadda zai yi kama da malalar asali, a kuma rage na rani har kwarin kogi ya sami lokacin bushewa. An gwada makamancin wannan a arewacin Kamaru. Madatsar Maga da aka gina a 1979 ta busar da fadamar Logon, amma da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994, ciyawa da kifi da makiyaya suka dawo.

Kammalawa

Mun ga yadda fadamar Haɗejiya ta ciyar da masarautu da fatake da talakawa na ɗaruruwan shekaru, saboda kowa ya san lokacinsa. Mun ga yadda aka tare ruwan da kyakkyawar niyya amma da gurguwar ƙididdiga, da yadda mu kanmu muka ƙara wa ciwon gishiri. Babu mai cewa a rushe Tiga, domin Kano ba za ta daina shan ruwa ba, manomin Kura ma yana da haƙƙi. Abin da ake nema shi ne a riƙa tunawa da na ƙasa idan za a buɗe ƙofar madatsa ko za a rufe ta, a kuma zauna da masunci da makiyayi da mai shinkafa kafin a yanke shawara, domin su ne suka san inda ruwa yake bi.

Mu marubuta kuma akwai namu aikin. Tsofaffin da suka san fadamar kafin 1974 suna ƙarewa. A bakinsu akwai sunayen tafkuna da na kifaye da na irin shinkafar da aka daina shukawa, da dokokin su, da hanyoyin burtali. Idan ba mu je mun rubuta ba, jikokinmu za su tashi su ɗauka cewa kacalla ce asalin wurin. Waiwaye adon tafiya ne. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba shugabanninmu basirar rabon ruwa da adalci.